Yadda Surukina Ya Zama Baba Jos

Mijin 'yar autata ya zo gidana kwanakin baya da gajeren wando. Bai tsaya a zaure ya aiko a yi masa iso ba. Kai tsaye ya shigo falo, ya ce, "Baba, sannu da hutawa," ya zauna a kujerar da nake kai har gwiwarsa tana gogar tawa, ya kamo ƙwallon Turawa a talabijin. Yaron kirki ne, yana riƙe mini 'ya da mutunci, ba ni da abin cewa a kansa. Amma da na ga gwiwar nan a waje sai ya zama ni ne mai jin kunyar, na rasa inda zan sa idona. Ana cikin kallo sai ɗansa, jikana, ya juyo ya ce, "Kaka, wai shi Baba Jos ɗin nan, kakan Mama, a Jos aka haife shi?" Kafin in buɗe baki uban ya ce, "To da a ina? Ba ka ji sunan ba?" Suka ci gaba da kallonsu. Ni kuwa daga nan ban ƙara gane abin da ake yi a talabijin ɗin ba.

Mutumin da suke magana a kai surukina ne, uban maiɗakina, Allah ya jiƙan su su duka biyun. Har yau ba na kama sunansa na yanka, Baba nake cewa. Bakano ne, ɗinkin hula ya kawo shi Yerwa tun yana saurayi, ya zauna a unguwar Fezzan har ya yi furfura, Kanuri a bakinsa kamar a nan aka binne cibiyarsa. Yerwar da nake faɗa ba wannan ba ce da babura da janareto suka toshe wa kunne. Lokacin jirgin ƙasa bai iso ba tukuna. Da safe abin da za ka ji shi ne lugudan mata daga gida zuwa gida, da kukan kurciya, da muryar matan Shuwa masu tallan nono, sai ƙamshin turaren wuta yana biyo ka daga zaure, ya haɗu da na bandar kifi in motar Baga ta sauke kaya. Bishiyoyin dogon yaron da ke bakin titi yawancinsu ƙanana ne, kowane gida da nasa da yake shayarwa, in ka yi lalaci naka ya bushe unguwa ta san da kai. Na ƙofar rumfar Baba shi ya fi kowanne girma, domin ragowar ruwan alwalarsa ma a gindinsa yake zubawa. A inuwar nan majalisa take haɗuwa bayan la'asar, kuma zancenta ɗaya ne, tamaula. Haka muke kiran ƙwallo a lokacin.

Ban taɓa ganin dattijo mai son tamaula irin Baba ba. Sa'o'insa suna ganin abin shirme ne, ƙato da gemu yana bin fata a guje, shi kuwa ko 'yan unguwa ne za su kara sai ya rufe rumfa, ya ɗauki buzunsa, ya je ya shimfiɗa a bayan gola. Nan ne wurinsa, kowa ya sani, ba mai zama masa. Filin namu rairayi ne zalla, an kewaye shi da zana, sandunan gola ba raga, ƙwallon kuwa ta fata ce mai igiya, in ta sha ruwa ka sa mata kai sai ka ga taurari da rana. Ni tela ne, kekena yana shagon da ke jingine da rumfar Baba, zana ce kawai tsakaninmu. Ni ne kuma mai tsaron gidan 'yan Fezzan. Kamun sama na koya ne a wurin wani Bature fadan coci da ke zuwa fili da keke, wanda ya ce a ƙasarsu da hannu da ƙafa ake yin ƙwallo, gunduma da gunduma, tsofaffi su kwana suna musu a kai kamar mu. Shi ya koya mini in yi tsalle in tari ƙwallo tun tana sama in rungume ta a ƙirji. Duk wanda na kama sai in ji muryar Baba a bayana: "Hannu! Wannan hannu Allah ya yi shi!" Da wannan hannun na shiga ransa, har ya gane ni da 'yarsa muna kallon juna in ta kawo masa abinci. Bai ja zance ba. Ya aika wa iyayena, aka yi abin da ake yi.

To, yaran yanzu ba za su gane abin da ya faru da ni daga ranar ɗaurin aure ba. Mutumin da jiya muke tafawa, yau ya zama suruki. Ba ka zama inda ya zauna, ba ka ci a gabansa, ba ka ɗaga murya, ba ka haɗa ido da shi. In ka hango shi a hanya, ko dai ka sake hanya, ko ka tuɓe takalmi tun daga nesa ka durƙusa har ya wuce. Babu wanda ya zaunar da ni ya karanta mini wannan. A jiki yake, kamar yadda hannu ke janyewa daga wuta. Na bar majalisa, na ja kekena can ƙuryar shago, ina jin muryoyinsu ta zana ba na tanka wa kowa. Shi ma ya daina kiran sunana, sai dai ya ce "yaron nan."

Wasan farko bayan biki da 'yan wata unguwa muka yi. Na duba bayan gola ban ga buzu ba, na ce alhamdu lillahi, ashe makara ya yi. Ana tsakiyar wasa, sun taso mana da ƙwallo, sai na ji gyaran murya a bayana da sallama. Wallahi ban yi shawara da gwiwoyina ba. Kawai na tsinci kaina a durƙushe, ina jan singileti ina rufe cinya, ina cewa, "Barka da yamma, Baba." Ƙwallon da ko akuya za ta tare ta zo a hankali ta wuce ta gefena, ta je ta tsaya a kan buzunsa. Fili ya ɗauki dariya, har alƙalin wasa ya kasa busa usur. Na so ƙasa ta tsage in shige. Sauran wasan rabin hankalina yana gaba rabi yana baya, ina ta ƙoƙarin tsayawa yadda ba zan juya masa baya sosai ba, aka ƙara mana biyu a kai. Kafin magariba gari ya raɗa mini suna Gola Mai Ladabi.

Ba a jima ba labari ya zo cewa 'yan Jos za su zo su kara da zaɓaɓɓun lardinmu. Ba a taɓa yin wasa mai girman wannan a Yerwa ba. Aka tsinto 'yan wasa daga unguwanni da makarantu da ma'aikatu, da aka zo kan mai tsaron gida kuma aka duba aka rasa, dole aka dawo kan Mai Ladabi. Daga ranar majalisa ta ninka, har masu wucewa suna jingine kekuna su tsaya. Manyan bakuna biyu ne bayan Baba. Akwai Ya Modu mai gyaran keke, wanda in yana musu sai ya miƙe tsaye da sifana a hannu. Akwai Emeka mai kanti, mutumin kudu, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu gudu, kuma ya taɓa zama a Jos, saboda haka shi ne malamin kowa a kan abokan karawa.

"Ku dai ba ku san su ba ne," in ji Emeka. "Kowannensu da but a ƙafa, mai ƙusa. Da Turawan kuza suke wasa. Akwai wani ɗan garinmu a gabansu, in ya buga ƙwallo ba ka ganinta, ƙararta kawai za ka ji."

"But ɗin banza!" in ji Ya Modu. "A kan dutse suka saba. Su zo rairayin Yerwa da takalmi mai nauyi mu gani. Jaki ma da kofato nutsewa yake."

"To zafi fa?" wani ya sa baki. "Mutanen da ke kwana da bargo ko da bazara? Kafin a juya sun narke kamar man shanu."

"Da yamma za a yi, ba da azahar ba," in ji Emeka.

"Yammar Yerwa ta fi azahar ɗin wani gari. Kai da ka zo nan ba a cikin randa ka so ka kwana ba?"

Aka kwashe da dariya. Baba kuwa, allura a hannu, shi ne sarkin cika baki. Ya san ƙafar kowane yaro, ya san wanda ke tsoron karo da wanda numfashinsa gajere ne. Ya jera yadda za a yi, a bar su su yi ta gudu har su gaji, a matse ɗan garin su Emeka tsakanin mutum biyu, sannan a sake musu ɗan siririn nan na gefen hagu. "Biyu da nema," ya ce. "In ba haka ba ku aske mini gemu." Ni ina ƙurya ina taka keke a hankali don kada ƙararsa ta hana ni ji.

Sai dai akwai maganar da ba a yi sai ya tashi. Kullum in rana ta yi ƙasa yakan ɗauki buta ya zaga bayan rumfa ya yi alwala, to nan take muryoyi suke sauka. Ana saura kwana kaɗan wasa, yana zagawa, Ya Modu ya ce, "Jama'a, mu bar yaudarar kanmu. But ba zai ci mu ba, ɗan garin su Emeka ba zai ci mu ba. Buzun nan ne zai ci mu. In tsoho ya zauna a bayan yaron nan, a buɗe musu ƙofa kawai su yi ta zubawa."

"A roƙe shi ya koma tsakiyar 'yan kallo mana."

"Muryarsa fa? Ko daga can unguwar Gomari ya yi gyaran murya sai yaron ya durƙusa."

"To a gaya masa ya zauna a gida," in ji Emeka.

"Wa zai gaya masa? Kai?"

Emeka ya ce shi kanti gare shi, yana da iyali. Wani ya ce ko a ɗan jingine auren na yini ɗaya, in an tashi wasa a mayar. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ni a bayan zana ban san lokacin da na ɗinke hannun rigar mutane da wuyanta ba. Ba wanda ya iya kawo mafita, domin kowa ya san raba Baba da wannan wasa kamar a ce da mai azumi kada ya sha ruwa in an kira salla ne. Ana haka ya fito da butarsa, aka yi tsit, aka koma zancen rairayi. Ta ƙasan zana nake hango ƙafafunsa. Na lura a bushe suke, babu ɗigon ruwa, har ƙura ta hau su. Na gani da idona, amma ban kawo komai a raina ba.

Washegari majalisa ta cika, Ya Modu ya buɗe da cewa uku ma za mu ba su. Baba bai ɗago kai daga hular da yake ɗinki ba ya ce, "Ni fa na kwana ina tunani. Ba za ku iya ba."

Aka ɗauka wasa yake. Ya ce ba wasa. Ya ɗauko yaran nan da ya yaba jiya ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kushewa, wannan ba numfashi, wancan matsoraci, na gefen hagu iska ma kayar da shi take. Ya ce mai but da mai ƙafa tsirara ba sa'o'in juna ba ne, ko a rairayi ko a ruwa. Emeka da kansa, wanda kullum shi ke kare 'yan Jos, sai ga shi yana cewa, "Haba Baba, ai ba su kai haka ba."

"Sun kai. Sannan mai tsaron gidan naku, hannunsa ya mutu. Da ne yake kamu. Yanzu tuwon amarya ya yi masa nauyi." Ya ciji zare ya tofar. "Ni ba zan je in zauna a yi wa Yerwa tsirara a gabana ba. Ina nan rumfata. In an gama ku zo ku ba ni labari."

Ya Modu ya miƙe da sifanarsa. "Baba, kai ne da wannan magana? Ranar wanka ce za ka ɓoye cibi?"

"Na faɗa."

"Ashe gaskiyar mutane," in ji Ya Modu. "Baƙo dai baƙo ne, ko ya shekara nawa. Ruwan Yerwa ka sha, geron Yerwa ka ci, yau an zo kare sunan gari ka koma bayan mutanen dutse."

Wannan magana ta yi nauyi, kowa ya ji nauyinta. Mutumin da ya binne iyayen wasunsu, ya raɗa wa 'ya'yan wasunsu suna, yau an tuna masa daga inda ya zo. Na jira in ji ya mayar, domin bakinsa ba ya kwana da bashi. Sai ƙarar zare kawai nake ji yana bin hula. Ni kuwa ba ta tasa nake ba, ta kaina nake. Hannuna ya mutu? A bakin wanda ya fara cewa Allah ya yi shi? Na rufe shago tun kafin lokaci, na je gida na ture abinci. Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, ci abincinka ka je ka kama ƙwallonka." Na ce ai ubanta ya ce tuwonta ne ya kashe ni. Ta ɗauke kwanon.

Ranar wasa gari ya tashi kaf. Har manya daga GRA an jera musu kujeru, yara sun ɗare bishiyoyi, masu ganga sun kama gefe guda. 'Yan Jos suka sauko daga mota da riguna iri ɗaya da but ɗinsu yana ƙyalli, mu kuwa rabinmu ƙafa a ƙasa. Na shiga tsakanin sanduna na waiwaya. Wurin buzu fili ne, mutane sun matsu ta ko'ina amma ba wanda ya taka shi. Raina ya yi ɗaci, jikina kuma ya yi sakayau, ba zan ɓoye ba. Ranar na yi tsalle yadda na ga dama, na yi birgima a rairayi, na yi wa 'yan bayana tsawa da dukan muryata. Duk abin da Baba ya tsara a farko shi ya faru. Suka yi ta gudu har harshensu ya fito, aka matse ɗan garin su Emeka, ɗan siririn gefen hagu ya zura musu ɗaya. Dab da tashi ɗan garin su Emeka ya kuɓuce, ya sako wata irin ƙwallo da na ji ƙararta kafin in gan ta. Na tashi sama na rungume ta, ta jefar da ni ƙasa, amma ban sake ta ba. Ina kwance ina jin fili yana girgiza, kunnena kuwa yana neman murya ɗaya a bayana.

Aka ɗauke ni a kafaɗa. Na ɗauka zagaya fili za a yi, sai na ga an fita ta ƙofa an nufi Fezzan, ganga a gaba, Ya Modu yana jan ayari. Da na gane inda za a na shiga roƙo, ina cewa ku sauke ni don Allah, ku ba ni ko zane ne in rufa. Wa zai ji ni? Haka aka kai ni ƙofar rumfar surukina a saman mutane, da gajeren wando, cinyoyina a waje, rairayi har cikin gashina. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Ina Baba Jos? Fito ka ga hannun da ya mutu!" Taro ya amsa, "Baba Jos! Baba Jos!" Yana zaune a kan buzunsa. Da ya hango abin da aka ɗauko sai ya juya gaba ɗaya ya fuskanci gindin dogon yaro, ya ba mu baya. Mutane suka ce haushi ne ya hana shi kallo, suka ƙara ihu. Ya ce da bishiyar, "Sa'a ce kawai kuka yi." Aka yi ta yi masa waƙa har aka kira magariba.

Na isa gida ina jin kaina kamar sarki. Na ce da maiɗakina, "To, a gaya wa masu cewa hannu ya mutu." Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, kai fa wani lokaci kamar ba ka da wayo. Mutumin da ya ba ka ni saboda hannun nan, shi ne zai ce ya mutu?" Ta ce innarta ta gaya mata tun sati ya kama ya sa aka wanke masa babbar rigarsa ta zuwa fili, aka buga ta, ya rataye. Ran nan ya dawo daga rumfa ya ce a ninke a mayar cikin adaka. Ya ce ya tsaya a bayan rumfa ya ji abin da ake faɗa, kuma gaskiya aka faɗa. In ya ce ba shi da lafiya za a ɗauko shi a kan keke, in ya ce don yaron nan ne ya tona wa yaron asiri, ya kuma kunyata abokan zamansa. Hanya ɗaya ta rage, ya sa su su yi fushi da shi har ba mai cewa ya zo. Sai a lokacin ƙafafun nan busassu suka dawo mini. Alwalar ta daɗe da ƙarewa, tsaye yake da buta yana saurare. Bayan da ya juya mana kuwa, ni ya rufa wa asiri, don kada in ga ya gan ni a haka.

Kunyar durƙuson da na yi a fili wasa ce a kan wadda na ji a wannan maraice. Na ce gobe zan je majalisa in faɗa musu. Ta ce, "Ka faɗa musu me? Cewa ya ji su suna gulmarsa? Su kuma su sa fuskarsu a ina? Kai kuma a wane gari suruki yake tsayawa a taro yana zancen surukinsa?" Na ce to na bar tamaula daga yau, ya koma wurinsa. Ta kai wa innarta, innarta ta kai masa, amsa ta biyo ta hanyar da ta tafi. Ya ce a gaya wa yaron nan in ya bari, to sunan da aka raɗa masa ya tashi a banza ke nan.

Da safe na je gaishe shi. Na tuɓe takalmi tun daga nesa na durƙusa, kaina a ƙasa, cikina cike da magana.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau. Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

"Madalla. A gaida gida."

Iyakar abin da ya taɓa shiga tsakaninmu a kan zancen ke nan, har ya koma ga Allah.

Na ci gaba da tsaron gida shekaru, shi kuma ya ci gaba da zama Baba Jos. Kafin kowane wasa sai ya ce za a ci mu, a yi masa ca, ya ce shi ba ya zuwa kallon abin kunya. Ya Modu ya huce, suka koma cin goro tare, amma tsokanar ba ta mutu ba, yara ma in sun wuce sai sun faɗa. Filin ba shi da nisa da rumfa, ihu yana isowa. Maiɗakina ta ce in ana wasa allurarsa ba ta motsi, yana zaune da kunne a sama, yana gane ihun ci da ihun kamu. Duk lokacin da na ji an kira shi da sunan nan ta bayan zana sai in ji kamar ni aka mara, ga shi ba halin in ce a bari. Emeka ne kaɗai nake zaton ya gane, domin shi bai taɓa kiran sa da shi ba, har shekarar tashin hankali ta zo ya kwashe iyalinsa ya tafi, ba mu ƙara ji daga gare shi ba.

Sa'ad da gwiwata ta gaji na ajiye wasa, yanar ido ta riga ta rufe wa Baba gani. Duk da haka wasan farko da aka yi ba ni a ciki, ya sa aka ciro rigar nan daga adaka, ɗana na fari ya ja masa sanda har bayan gola. Ni ina can nesa cikin mutane. Aka yi ta ihu, "Baba Jos ya tuba!" Yana dariya yana ɗaga hannu. Ya zauna a kan buzunsa yana fuskantar filin da ba ya gani, yaron yana gaya masa abin da ake yi. Da suka dawo na tambayi yaron me kakansa ya ce. Ya ce da aka ci sabon mai tsaron gida, tsoho ya girgiza kai ya ce, "Da ubanka ne, da ya kama."

Yanzu filin ya zama shaguna, dogon yaron an sare shi an yi kwalbati, 'yan majalisa kuwa ni kaɗai na rage. Ina cikin wannan tunani aka ci ƙwallo a talabijin. Mijin 'yata ya daka tsalle, ya miƙo mini hannu mu tafa, ko a jikinsa. Da farko na ji abin ya yi mini banbaraƙwai. Sai na dubi hannun nasa, na dubi nawa da ya tsufa bai taɓa riƙe na Baba ba tun ranar ɗaurin aure. Na ba shi muka tafa. Sannan na ce ya rage ƙarar, na jawo jikana kusa.

Na ce, "Kakan uwarka bai taɓa taka Jos ba, ko da mota bai bi ta can ba. Mutumin Yerwa ne. Zauna in gaya maka inda ya samo sunan."